Ƙanƙarar Jidda da Gemun Kawu Sale

Tunda na dawo ban sha ruwa da daɗi a majalisa ba. Duk wanda ya gan ni, kafin ya ce mini barka da zuwa sai ya zaro waya ya nuna mini hoton nan, wai da gaske ne dusar ƙanƙara ta sauka a Jidda? Har limamin masallacinmu ya tare ni da maganar a bakin ƙofa. Na yi bayani har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa. A taƙaice dai, babu ƙanƙara a Jidda. Zafin da na sha a can ko Basakkwace sai ya sara masa. Hoton nawa ne, ni na ɗauke shi, kuma ganyen darbejiya kuke gani.

Waɗanda suka san ni sun san ciwona. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Zariya, amma ɗaukar hoton itatuwa da duwatsu ya fi ƙarfina. Bara ciwon ya tsananta. Na ga wasu hotuna da itatuwa suka fito fari fat, sama kuma baƙi wuluk, aka ce mini aikin infirared ne, wani haske da ke cikin rana wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Irinsa ne ke fita daga bakin rimot ɗin talabijin. Kowace kyamara tana iya ganinsa, sai dai masu ƙera ta sun sa wani ɗan gilashi a ciki da ke tare shi. Na ɗauki kyamarata, ita kaɗai gare ni, na kai wa wani mai gyara a Kaduna ya feɗe ta ya cire gilashin, ya sa wani da ke barin ɓoyayyen hasken kawai ya wuce. Da zai miƙo mini ita ya ce in sani daga yau ba ni ba ɗaukar biki, ba ni ba suna. Gaskiyarsa ce. Ɗanyen ganye yana watso wannan hasken da ƙarfi, shi ya sa yake fitowa fari. Ruwa da sararin sama suna yin duhu. Mutum kuwa fatarsa takan yi fayau, sai ka ce jiya aka sallamo shi daga asibiti. Matata ta tsaya mini sau ɗaya, ta ga abin da ya fito, ta ce in sake nuna ta da abin nan in gani.

Da Allah ya nufe ni da zuwa Umra, Inna ta kira ni ɗakinta. Ita ce mahaifiyata, ni ne autanta. Hawan jinin ido yana cin ganinta a hankali, likita kuma ya gaya mana cewa abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma lallaɓa shi ake yi. Tana da wa guda, Kawu Sale, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tafi Saudiyya tun kafin a haife ni bai sake tako ƙasar nan ba. Suna waya duk Juma'a, amma murya kawai. In aka ce ya kunna bidiyo sai ya ce sabis ba kyau, in aka ce ya turo hoto sai ya ce waya ba ta da sirri. Inna ta ce ba ta son dabino, ba ta son darduma.

"Auta, fuskar Yaya nake so ka kawo mini, tun ina iya ganinta."

Ta kuma ja mini kunne kada in saci hotonsa bai sani ba, don ta san halin ɗan'uwanta, in ya yi fushi zai iya yanke wayar Juma'ar ma. Na ce an gama, da bakin nan nawa, ko tunani ban tsaya yi ba. Sai da na fito tsakar gida na tuna irin kyamarar da nake da ita.

Rigimar farko a kan tsaraba muka yi ta. Inna ta sa an ƙulle wa Kawu kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, sannan ta ce dole a haɗa da goro. Na ce Inna, goro a can laifi ne. Ta ce to ƙwaya kaɗan, a cusa a safa. Sai da na rantse mata cewa a kan ƙwaya kaɗan ɗin ake juyo da mutum gida kafin ta haƙura. Daddawar kuwa aka sa ta jaka ɗaya da kayan kyamara, saboda haka tun daga Zariya har Kano duk wanda ke cikin motar ya san me za a ci a Jidda. A filin jirgi wani ma'aikaci ya kunna kyamarar ya ga komai ja, ya ce Malam, wannan ai afolo ta kamu da shi.

Abokina Munzali, wanda zan sauka wurinsa, Bakano ne, yana aikin gwajin jini a wani asibiti a Jidda. Tun kafin in taso ya yi ta aiko mini da gargaɗi, wai ya san Bazazzagi da son bayani. Ya ce in jami'ai suka tambaye ni kyamarar, kada in kuskura in ce tana ganin abin da ido ba ya gani, don ɗayan biyu za su ɗauke ni, ko boka ko ɗan leƙen asiri, kuma duk cikinsu babu mai sauƙi a ƙasar nan. Aka kuwa tsayar da jakata, ina jin daddawa ce ta kira su. Wani matashin jami'i ya sansana ƙullin ya mayar da sauri, ya ɗauki kyamarar ya kunna, ya ga abokin aikinsa ya koma ja. Ya dube ni da tausayi ya ce "kharbana", wato ta lalace. Darasi guda cur ya taso mini har maƙogwaro, da gabatarwa da misalai. Na haɗiye shi, na gyaɗa kai irin na wanda aka cuta a kasuwa, ya ce yalla, na wuce.

Makka ba zan ce komai a kanta ba, don ban da bakin faɗa. Ban ma ciro kyamara ba. Na yi abin da ya kai ni, na yi wa Inna addu'a har muryata ta dushe, sannan na juyo Jidda.

Munzali yana zaune a Aziziyya, a wani bene mai hawa da yawa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne maƙwabta. Na haɗu da wani a bakin lif na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, ina shirin tambayar aiki na ga mutum ya manne da bango yana kallona. Munzali ya ce a nan sallama ta wadatar, in rage tsawon gaisuwar Zariya kafin a kira mini 'yan sanda. Shi kansa bai san sunan wanda ke ƙofar da ke kallon tasa ba. Kyanwoyi kuwa sun fi akuyoyin Tudun Wada yawa, kuma ba sa kauce wa kowa. Da safe ya kai ni cin ful, wato dafaffen wake da aka dama da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Na ce masa ashe duk nisan nan wake da burodi Bakano ya zo ci. Ya ce in ci in yi shiru, na kuwa ci har na nemi ƙari.

Shi wannan irin hoton rana yake so, mai ƙuna, ta tsakar ka, lokacin da sauran masu hoto ke naɗe kayansu. Jidda kuwa garin dare ne, da rana kowa yana cikin sanyin esi. Ranar farko na fito da azahar ni kaɗai a titi, ni da kyanwoyi. Na saita kyamara a kan wani layin darbejiya, na duba, ban ga komai ba sai hazo. Na goge, ya dawo. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan bakin jami'in nan ya kama ta. Ashe daga ɗaki mai sanyi na fito da ita cikin iskar teku mai laima, gilashin ya yi gumi ciki da waje. Sai da na zauna a inuwa na jira ta ɗumama kafin ta buɗe ido. Daga ranar, a baranda take kwana cikin jakarta.

Amma da ta buɗe, jama'a! Darbejiyar nan da muke rainawa a gida, wadda ba ma tunawa da ita sai zazzaɓi ya kama mu, ko ta cikin jan nan ana ganin ta koma fara sol, kowane ganye yana walƙiya. Na yi ta dariya ni kaɗai a bakin titi. Wani direba ya rage gudu ya miƙo mini gorar ruwa ta taga, ina jin ya ɗauka rana ce ta taɓa ni. Washegari na je bakin teku, ruwan ya fito baƙi kamar tawadar allo, itatuwan dabino farare a jere a gefensa, gajimare kuwa ya yi ƙulu-ƙulu har kana jin za ka iya damƙo shi. Mutane dai ban kalle su da ita ba, don Munzali ya ce ɗaukar mutum ba izini a can babban laifi ne.

Ga masu tambayata ko haka hoton yake fitowa daga kyamara, a'a. Yana fitowa ne kamar an tsoma shi a zoɓo. Rabin aikin a kwamfuta yake, kuma a nan ne ɗan koyo ke kwafsawa. Da farko sai ka nuna wa manhajar gyaran wani ganye ka ce mata wannan shi ne fari, sai jan nan ya janye. Daga nan hanya ta rabu biyu. Kana iya musanya ja da shuɗi, sama ta dawo shuɗiya yadda aka san ta, itatuwa su zauna farare. Kana kuma iya kashe launin duka ka bar baƙi da fari. Ni a lokacin ɗokin launi ke ɗibata, na yi ta ƙarawa har hoto ya koma miyar da aka zabga wa magi. Munzali ya leƙo ya ce wannan ai zanen atamfa ne. Na ji haushi, amma na rage, kuma hoton ya fi kyau. Wani abin kuma, gilashina yakan bar farin tabo a tsakiyar hoto in na matse ƙofar haskensa da yawa, sai na koyi sassauta ta. Hoton layin darbejiyar nan mai shuɗiyar sama shi na tura wa abokai 'yan kaɗan, don su taya ni murna.

Kafin mu je wurin Kawu, Munzali ya kai ni Waziriyya cin tsire wurin wani Iliya, mutumin Damagaram. Ina zuwa na tarar da Larabawa sun yi layi suna jiran tsire, da ƙuli da yajinsa, suna kiransa siriya, wai abincin gargajiyarsu ne. Na ce to madalla, an gaishe ku. Iliya yana ganin Munzali ya ce ga bawansa ya iso, irin wasan Damagarawa da Kanawa, suka yi ta yi ina cin nama. Da ya ji wurin wanda na zo da abin da ya kawo ni, ya ajiye wuƙa ya yi dariya.

"Bon, Sale na Ruwais? Ka ce hoto? Mutumin da ko a walimar ɗiyarsa bayan ƙofa ya laɓe. Allah shi ba ka sa'a."

Kawu yana kula da wani tsohon gida ne a Ruwais, kusa da teku, na wasu Larabawa da suka koma sabuwar unguwa suka bar shi da gadi da ban-ruwan shuke-shuke. Yana ganina ya tsaya cak, ya ce Delu ce sak, wato Inna, ya rungume ni har sai da na ji ƙasusuwansa. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, amma gemunsa baƙi ƙirin, ko sili ɗaya fari babu. Na yi mamaki a raina, na ce lallai abincin Saudiyya da albarka yake. Ya buɗe ƙullin daddawa ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙar ƙamshinta.

'Yarsa Hanan, haifaffiyar Jidda, ta zo daga gidan mijinta don ta ga ɗan gwaggonta. Taubashiyata ce, kuma ko da Hausarta ta sha Larabci, wasan taubasai bai ɓace mata ba. Ita ta zuba mini gahawa a wani ɗan mitsitsin finjali, ko rabi bai kai ba. Na ce ashe rowa har Saudiyya ta biyo dangin Kawu. Na shanye na miƙa, ta ƙara. Na shanye, ta ƙara. Ina ta sha don kunya, tana ta zubawa da fuska a ɗaure, har zuciyata ta fara lugude. Sai da Kawu ya tausaya ya ce in girgiza finjalin in na ƙoshi, haka ake yi. Hanan ta ce ta so ta ga iyakar cikin mutanen Zariya ne.

Da na kawo maganar hoto Kawu ya ce halas, a bar zancen. Na ce Inna ce ta aiko ni. Ya ce ya sani, muryarsa ta ishe ta. Don ya kafa mini hujja sai ya ciro wayarsa ya nuna mini wani abu da aka turo masa daga Najeriya a ranar, ya ce in duba irin ƙaryar da waya ke yaɗawa. Hotona ne. An rubuta a ƙasansa wai dusar ƙanƙara ta rufe Jidda, alamar tashin duniya ce, duk wanda ya gani ya tura wa mutum goma. Na ce Kawu, ni na ɗauka. Hanan ta yi dariya har ta shaƙe. Kawu ya ce to ka gani, itace ma ka ja masa sharri, balle mutum. Na koma Aziziyya, ga kwanakina sun fara ƙarewa, ga shi ban san da wace fuska zan shiga ɗakin Inna ba.

Hanan ce ta kira ni washegari.

"Ya Habibu, Abuya ba ya son sura, ya'ani hoto, amma yana son shajara tasa, ya'ani itacensa, fiye da mu. Tun jiya yana tambaya ko ita ma za ta yi fari. Ta'al, ka zo da azahar."

A tsakar gidan akwai wata ƙatuwar darbejiya da Kawu ya dasa da hannunsa farkon kama aikinsa, ta fi gidan tsayi. Na ɗauke ta ita kaɗai na janye jan a kwamfuta na nuna masa. Ya ji daɗin farin, amma ya ɓata rai, wai ta fito 'yar ƙarama, wanda ya gani zai ce shuka ce ta bara. Na ce haka hoton itace yake, ido ba ya gane girmansa sai an tsayar da mutum a gindinsa. Wannan kuma ba dabara ba ce, kowane mai ɗaukar fili ya san da haka. Hanan ta ce ita wallah ba ta shiga rana. Ni kuma ina riƙe da kyamara. Kawu ya dube ni, ya dube ta.

"Kifi na ganinka, mai jar koma. Na san abin da kuka ƙulla."

Amma ya shiga ɗaki. Ya daɗe, sannan ya fito da sabuwar jallabiya, ya taje gemu, har da turare, sai ka ce hoto yana ɗaukar ƙamshi. Ya kafa sharaɗi: shi zai fara gani, kuma ba za a sa a waya ba, a takarda za a buga a kai wa Delu hannu da hannu. Na ce na yarda. Ya tsaya a gindin itacensa ya dafa shi, ya ƙame. Na ɗauka daga nesa, na matso na sake ɗauka, na ƙara matsowa har fuskarsa ta cika rabin hoton, bai hana ni ba.

Muka koma inuwa na buɗe kwamfuta, su biyu suna tsaye a kaina. Na nuna ganye na ce wannan ne fari. Jan ya janye, itacen ya yi fari, gemun Kawu ma ya yi fari tas tare da shi. Na san wannan hasken ba ya ganin rinin tufafi, baƙar riga takan fito fara, amma ko kusa ban kawo rinin gemu a raina ba. Hanan ta toshe baki ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Ni ma dariyar ta taso mini, sai na ga fuskar Kawu, ta koma.

Ya zauna a kan benci ya yi mini bayanin da ban tambaya ba. Ya ce kafilinsa na asali, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya rasu, 'ya'yan mamacin ne yanzu ke sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, kuma yara ba sa son ganin tsoho a bakin aiki, shi ya sa ba ya bari furfura ta kwana. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce da baƙin gashi ya bar Delu, ya ce mata shekara biyu zai yi ya dawo ya gina wa iyayensu gida. Bai gina ba, bai ma ga jana'izarsu ba. Ba ya so ta ga yadda lokacin ya wuce a fuskarsa. Ya ce ko in mayar da gemun baƙi, ko in goge hoton a gabansa.

Mayarwar ba wuya gare ta ba. Da na koma masauki na kashe launin duka na bar baƙi da fari, na rage hasken fatarsa ta dawo irin tamu, sannan na bi gemun a hankali na duhunta shi. Munzali ya dawo daga dyuti ya ji labari, ya shafa kansa ya ce daga yau kada in sake ɗaga abin nan in yana ɗakin, wai in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Aikin ya yi kyau, ba mai cewa an taɓa. Sai na ja baya na runtse ido kaɗan, yadda nakan yi in ina so in kwatanta abin da Inna ke gani. Fuskar ta ɓace. Baƙin gemu, da duhun fata, da baƙin gindin itace duk sun haɗe sun zama abu ɗaya. A wancan na farin gemun kuwa, ko na runtse ido fuskar tana nan, gemun ya zagaye ta ya fito da ita.

Na kai masa duka biyun da safe. Ya nuna mai baƙin ya ce wannan. Na ce to Kawu, yadda ka ce haka za a yi, sai dai ina tsoron da idon nan nata ba za ta rarrabe ka da itacen ba.

"Wane ido?"

Ashe bai sani ba. Duk Juma'ar nan da suke waya, tana ba shi labarin jikoki da tsadar masara da wanda ya mutu da wanda ya yi aure, ba ta taɓa gaya masa ba. Na gaya masa abin da likita ya ce, ban rage ba. Tausayinsu su biyun ya kama ni, har na rasa inda zan sa idona. Kawu ya jawo kwamfutar gabansa ya daɗe yana kallon tsohon da ke cikinta.

"Bar shi yadda Allah ya yi shi. Ka buga babba."

Na buga shi a wani shagon hoto a Aziziyya, faɗinsa ya kai faifai biyu, na ƙara wa baƙin baƙi na ƙara wa farin fari fiye da yadda zan yi wa kaina. A jirgi ban yarda ya shiga cikin kaya ba, a cinyata ya zauna har Kano, wata tsohuwa da ke gefena tana ta tambayata ko wani shehi ne.

Da rana na iso gida. Inna ba ta bari na gama gaisuwa ba ta ce ina saƙonta. Na fito da ita bakin ƙofa inda haske yake, na ɗora mata shi a cinya. Ganinta yanzu ta tsakiya kawai ya rage, saboda haka ta riƙa matsar da hoton kaɗan-kaɗan, ta bi ganye, ta bi reshe, ta gangaro har ta iso kansa. Nan ta tsaya. Ta sa yatsa ta bi gemun daga kunne zuwa kunne. Ta ce Malam ne sak, mahaifinsu. Sai ta fashe da dariya, wai mutumin da ke ce mata har yanzu 'yan mata na yi masa kallon saurayi. Tana dariyar hawaye na zuba, tana kare hoton da gefen zane kada ya jiƙe.

Na ce mata ya san maganar idon, ni na faɗa. Na zaci za ta yi faɗa. Sai kawai ta kai hannu ta kwance kallabinta, kanta fari fat, rabon da in gan shi a buɗe har na manta. Ta ce in ɗauko abin nawa in fitar da ita rana. Na zaunar da ita a gindin gwandar tsakar gida, sai da na goge idona ya fi a ƙirga kafin na iya saita ta. Da na gama ta mayar da kallabinta, ta miƙo hannu in tashe ta.

"Shi ma ka buga masa babba, Auta. Yaya ba yaro ba ne."